Ana Sayen Saman Google? Nazarin Lamarin Wani Shagon Sola a Kaduna

Shagon da mai shi

Shagon yana tsakiyar garin Kaduna, a ɗaya daga cikin layukan da suka ɓalle daga titin Ahmadu Bello, ba nisa da Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Mai shi ya haura shekara hamsin. Da wayar wuta da soket da ƙwan lantarki ya fara, ya daɗe a kansu kafin ya shiga harkar sola. Zan kira shi Alhaji, tunda haka kowa a layin yake kiransa. Yana da yara huɗu, biyu a shago, biyu kuma su ne masu fita haɗa sola a gidaje da makarantu da ƙananan asibitoci.

Ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur, cikin kwanaki kaɗan lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500. Masu janareta suka fara lissafi, harkar sola ta buɗe. Alhaji ya ƙara jari, ya cika sito da farantan sola da inbata da batura. Cinikinsa kuwa ta baki yake zuwa. Wani ya je ɗaurin aure ya ga fanka tana juyawa alhali unguwar babu wuta, ya tambaya wa ya haɗa, a ba shi lamba. Akwai shafin intanet da wani yaro ya buɗe masa a 2021, shafi ɗaya tal mai hotunan da aka kwaso daga wasu wurare, amma Alhaji bai taɓa leƙa shi ba tun ranar da ya biya kuɗinsa.

Disamba 2023: inda maganar ta faro

Wani tsohon abokin cinikinsa, ma'aikacin gwamnati da ke zaune a Unguwar Rimi, ya shigo sayen waya. Cikin hira ya ambata cewa an haɗa masa sola ta miliyoyin naira a watan da ya wuce. Alhaji ya ce, "Haba Malam, ina nan?" Mutumin ya ji kunya, ya ce wallahi bai san Alhaji ya shiga harkar ba, ɗansa ne ya duba matambayi-ba-ya-ɓata, wato Google, ya kira shagon da ya fara gani.

Bayan ya fita, Alhaji ya sa ɗaya daga cikin yaran ya rubuta sola da Kaduna da Turanci a wayarsa. Abin da ya fito hawa uku ne. A can sama akwai sunaye biyu da wata ƙaramar kalma, Sponsored, a kansu. Ƙasa da su taswira ce da shaguna uku, kowanne da taurarinsa da lambar waya. Sai kuma dogon jerin shafuka. Shagon Alhaji ba ya sama, ba ya cikin taswirar, a dogon jerin ma sai da aka kai shafi na huɗu aka gan shi. Biyu daga cikin shagunan taswirar ya san masu su, kuma ya san kayansu ba su kai rabin nasa ba.

Fassarar da ya yi wa abin ita ce duk ɗan kasuwa zai yi. Allon talla na shataletale kuɗi ne, sanarwa a rediyo kuɗi ce, shafin farko na jarida kuɗi ne. Don haka waɗannan sun biya ne, shi ma zai biya. Tambayarsa ɗaya ce kawai: nawa ne, kuma wa ake ba?

Janairu zuwa Mayu 2024: dillali

Amsar ta zo masa ta WhatsApp. Wani matashi da aka haɗa su ta hannun maƙwabcin shago ya ce aikinsa ke nan, SEO, wato gyara shafi don ya hau sama a sakamakon bincike. Sana'a ce ta gaske, akwai masu yinta da gaskiya. Amma wannan ya ce yana da mutum a ciki, kuma ya yi alkawarin lamba ɗaya cikin kwana talatin. Aka yi ciniki a kan naira 250,000 na farko, sai 50,000 duk wata don "riƙe wurin". Babu takarda, sai rasit na tura kuɗi.

Sai daga baya aka gano abubuwan da ya yi. Na farko, ya sayi mahaɗai, wato irin rubutun nan da ake latsawa a wani shafi ya kai mutum wani shafin. Dalilin da ya sa ake cinikinsu yana da tarihi. Tun da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google a 1998, abin da ya bambanta shi da sauran shi ne yana ɗaukar mahaɗi kamar shaida: in shafuka masu mutunci da yawa suna nuna shafinka, alama ce kana da abin faɗa. Da mutane suka gane haka, sai aka buɗe kasuwar shaidar zur. Kamfanin ya haramta sayen mahaɗai don neman matsayi, kuma ya sha hukunta manya a kai. A Fabrairun 2011 jaridar New York Times ta bankaɗo yadda kantin JC Penney na Amurka ya mamaye saman sakamako da mahaɗan bogi, aka tunkuɗa shi can ƙasa na tsawon watanni. A 2012 aka fito da tsarin Penguin don kama irin wannan, a Disamban 2022 kuma aka ƙara wani gyara da ke sa mahaɗan da aka saya su zama kamar babu su. Abin da dillalin ya sayo wa Alhaji ɗaruruwan mahaɗai ne daga shafukan da babu mai karanta su, wasu na caca, wasu cikin harsunan da ba wanda ya iya tantancewa a shagon.

Na biyu, ya shiga bayanin shagon da ke kan taswira, wanda ake kira Google Business Profile, ya canza sunan. A madadin sunan da ke jikin allon shago, ya jera kalmomin Turanci masu ma'anar sola mafi kyau mafi araha a Kaduna da Zariya da Abuja, duk a matsayin suna. Na uku, ya zuba sharhin yabo 46 cikin mako biyu, dukansu taurari biyar, da yawansu kalma biyu ko uku, daga sunayen da ba su yi kama da na mutanen Kaduna ba.

Da farko abin ya yi kamar ya yi. A Fabrairu shagon ya leƙo cikin ukun taswira na kusan mako uku. Dillalin yana aiko hotunan fuskar waya duk Juma'a, shagon yana lamba ɗaya. Sai da aka zauna aka duba hotunan daga baya aka lura da abu biyu: a wasu cikakken sunan shagon ya rubuta, wanda dole shi zai fito, a wasu kuma yana tsaye ne a ƙofar shagon ya yi binciken, alhali taswira tana fifita abin da ke kusa da mai nema. A dogon jerin kuwa shafin bai motsa daga shafi na huɗu ba.

A Maris sharhin yabon suka fara ɓacewa, goma yau, biyar gobe. Azumi ya kama cikin tsananin zafi, mutane suna neman abin da zai riƙe musu firji da fanka. Ranar 3 ga Afrilu aka ƙara kuɗin wuta ga masu rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, zuwa naira 225 kowane yunit, masu otal da asibiti da gidan burodi suka bazama neman mafita. A farkon Mayu, daidai lokacin da ake wannan rububin, aka dakatar da bayanin shagon gaba ɗaya. Ko an rubuta sunansa ba ya fitowa a taswira. Dillalin ya ce matsala ce daga sama, a ƙara 80,000 mutuminsa zai gyara. Alhaji ya ƙi. Daga ranar wayar ta daina shiga.

Jimillar abin da ya fita naira 450,000 ne. Kuma bayanin shagon yana kan adireshin imel na dillalin, ba na Alhaji ba.

Yuni 2024: talla, karo na farko

A wannan tsakanin ɗan ƙanwar Alhaji ya dawo daga hidimar ƙasa, yana zaune babu aiki. Shi ne ya fara cewa, "Kawu, akwai wurin da ake saya da gaske, amma ba wanda aka ce an sayar maka ba ne." Yana nufin hawa na sama, mai alamar Sponsored.

Wannan kasuwa a fili take, ba ta bayan fage ba. Wani kamfani mai suna GoTo ya shiga sayar da matsayi a sakamakon bincike tun 1998, Google kuma ya buɗe nasa tsarin talla a Oktoban 2000 da sunan AdWords, wanda ya koma Google Ads a 2018. Gwanjo ne, kuma ana yinsa duk lokacin da wani ya rubuta abin da yake nema. Mai talla yana zaɓar kalmomin da yake so a nuna shi a kansu, ya faɗi iyakar abin da zai iya biya in an latsa. Ba a biyan kuɗin gani, sai na latsawa. Kuma ba lallai wanda ya fi tayi ne yake hawa sama ba, domin ana haɗa tayin da ingancin tallar: shin ta dace da abin da mutumin ya nema, shin mutane suna latsa ta, shin shafin da take kaiwa yana da amfani. Mai talla mai kyau yana iya zama sama da wanda ya fi shi kuɗi.

Biyan kuɗin ma sai da aka sha fama, domin a lokacin katunan naira da yawa ba sa aiki a biyan kuɗi na waje, ga harajin VAT na kashi 7.5 a kai. Aka samu hanya, aka zuba naira 150,000. Yaron ya zaɓi kalmar sola kawai, ya bar sauran saituna yadda ya same su.

Washegari da safe sunan shagon yana can sama. Alhaji ya zagaya layin yana nuna wa maƙwabta. (An ce har wasu daga cikinsu suka riƙa latsawa don su taya shi murna, ba su san kowace latsawa kuɗinsa take ci ba.) Cikin kwana goma sha ɗaya kuɗin ya ƙare. An latsa tallar sau 1,100 da 'yan kai. Kira 14 aka samu. Ciniki ɗaya aka yi, batir guda.

Akwai rahoto a cikin tsarin da ke nuna ainihin abin da mutane suka rubuta kafin su ga talla, kuma shi ya fayyace inda kuɗin ya bi. Ɗalibai masu neman bayanin rubuta furojet a kan hasken rana. Masu neman aiki a kamfanin sola. Masu neman solar da suka ji gwamnati za ta raba kyauta. Mutanen Legas da Fatakwal waɗanda ba za su taɓa zuwa Kaduna sayen batir ba. Kaɗan ɗin da suke masu saye na gaske kuma sun faɗa kan shafin 2021 mai nauyin buɗewa, babu farashi, babu adireshi sosai, lambar wayar da ke kai ta wani yaro ce da ya bar shagon shekara guda da ta wuce. Kira 14 ɗin nan ma ta lambar da ke jikin tallar suka shigo.

Ranar da kuɗin ya ƙare sunan ya ɓace daga sama. Alhaji ya ɗauka ko yaya shafin zai ɗan saba da wurin, ya sauka ko da shafi na biyu ne. Aka duba, yana shafi na huɗu inda yake. Kamfanin da kansa ya sha bayyana cewa kuɗin talla ba ya taɓa matsayin shafi a jerin da ba na talla ba, kuma abin da aka gani a nan bai saɓa wa hakan ba.

A nan ne Alhaji ya ce a bar maganar intanet, ya gaji. Yaron ya roƙe shi wata uku, ya ce ba zai nemi ko sisi na talla ba, kuɗin data kawai.

Yuli zuwa Satumba 2024: aikin da ba a biya

Abu na farko shi ne ƙwato bayanin shagon. Tunda dillalin ya ɓace, sai aka bi hanyar neman mallaka da ɗaukaka ƙara. Aka tura takardar rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, da hoton allon shago, da takardar kuɗin wuta mai adireshin wurin, aka kuma ɗauki bidiyo daga bakin titi har cikin sito don tabbatar da cewa shagon yana nan. Mako biyar aka yi ana kai da komowa kafin a dawo da shi. Buɗe wannan bayani da riƙe shi kyauta ne, babu ko kwabo, abin da Alhaji ya yi ta maimaita tambaya a kansa don bai yarda ba.

Aka mayar da sunan gaskiya. Aka zaɓi rukunin sana'ar da ya dace, aka sa lokutan buɗewa har da rufewar sallar Juma'a, aka sa lambar Alhaji ta shago. Aka cire hotunan aro, yaran suka riƙa ɗaukar aikin hannunsu: farantai a kan rufin wani gida a Malali, batura a jere a wata makarantar Islamiyya a Rigasa, famfon burtsatse mai sola a wata gona wajen Rigachikun.

Sai maganar sharhi. Alhaji yana da littafi mai sunaye da lambobin mutum sama da 200 da aka yi wa aiki. Yaron ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya gaishe su, ya tambayi lafiyar kayan, sannan ya roƙi wanda ya ji daɗin aikin ya rubuta abin da ya gani. Alhaji ya so a haɗa da katin waya na ɗari biyar don a ƙarfafa musu gwiwa, yaron ya ce a'a, ba da tukuici don sharhi yana cikin abin da aka hana, kuma an riga an sha dakatarwa sau ɗaya. Cikin wata uku mutum 31 suka rubuta. Wasu da Hausa, wasu da Turanci, wasu dogo, suna ambaton unguwarsu da irin inbatar da aka sa musu. Wata hajiya daga Kawo ta ba da taurari uku, ta ce aiki ya yi kyau amma an ce za a zo Talata sai Alhamis aka zo. Alhaji ya ce a nemi a goge. Yaron ya ce, "Kawu, ai gaskiya ta faɗa." Suka rubuta mata amsa a ƙasa, suka ba ta haƙuri. Daga baya fiye da mutum ɗaya sun ce wannan sharhin ne ya sa suka yarda sauran ba na haya ba ne.

Kiran nan ya haifar da abin da ba a yi niyya ba. Mutum tara suka ce dama batirinsu ya fara rauni, a zo a duba.

Wurin da aka fi daɗewa ana ja-in-ja shi ne shafin intanet. Yaron ya zauna a shago mako biyu da biro da takarda yana rubuta tambayoyin da masu shigowa suke yi, sai ya ga kusan guda shida ne suke ta maimaituwa. Wace sola ce za ta ɗauki firji da fanka biyu da talabijin? Mene ne bambancin batirin ruwa da na litiyam, kuma wanne ya fi daɗewa? Me ya sa caji yake raguwa da hunturu? Za a iya farawa da ƙarami a ƙara daga baya? Ya yi wa kowace tambaya shafinta, da Hausa da Turanci, da amsar da Alhaji da manyan yaransa suke bayarwa da baki. Shafin hunturu, alal misali, ya yi bayanin yadda ƙura take kwanciya a kan faranti ta tare haske, da yadda ake wanke shi da sassafe kafin ya yi zafi.

Farashi ne Alhaji ya ƙi. Hujjarsa ba ta banza ba ce: dala tana hawa da sauka, naira ta haura 1,500 a kan dala ɗaya a farkon shekarar, farashin yau ba na jibi ba ne. Ga maƙwabta za su gani su rage ɗari biyar su ƙwace ciniki. Ga kuma al'adar kasuwa, a taya, a ce albarka, a daidaita. Aka tsaya a tsakiya: a rubuta daga kaza zuwa kaza, a sa ranar da aka rubuta, a sabunta duk farkon wata. Wannan shafin ne daga baya ya fi kowanne samun masu shiga.

Mahaɗan bogin kuwa, an buɗe Search Console, wata manhajar kyauta da ke nuna wa mai shafi yadda Google yake ganinsa, ba a ga sanarwar hukunci ba. Ga alama an yi watsi da su ne kawai. Aka bar su.

Wata na farko babu abin da ya motsa, Alhaji yana yi wa yaron tsiya kullum. A ƙarshen Agusta shagon ya fara fitowa cikin ukun taswira ga mai nema daga tsakiyar gari da Tudun Wada da Unguwar Sarki. A Satumba shafukan Hausa suka hau shafin farko, tun kafin na Turanci, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne: masu rubuta irin wannan bayani da Hausa ba su da yawa, filin babu cunkoso. Kalmar nan ta farko, sola da Kaduna da Turanci, ta taso daga shafi na huɗu zuwa na biyu ta tsaya.

Oktoba 2024: duhu

A ƙarshen Oktoba yawancin jihohin Arewa suka shiga duhu na fiye da mako guda, bayan an lalata babban layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna, sannan layin da ke kawo wuta ta Benuwai ya samu matsala. Masu ƙanƙara da masu walda da masu cajin waya suka tsaya cik.

Tun watan Yuli yaron ya ajiye littafi kusa da wayar shago, duk wanda ya kira a tambaye shi a ina ya samu lambar. Kafin duhun, kira 15 zuwa 20 ake samu a mako. A kwana goma na duhun an rubuta 94, kuma 33 daga ciki sun ce a Google suka gani. Batura suka ƙare a sito a rana ta shida. Ba a saka ko naira ɗaya a talla ba a wannan lokacin.

Dole a faɗi cewa a makon nan duk mai sola a Kaduna ya yi ciniki, har wanda ba shi da waya. Don haka 94 ɗin ba shaida ba ce a kan komai. Abin da za a iya riƙewa shi ne 33 ɗin, mutanen da ba su san Alhaji ba, ba wanda ya turo su, waɗanda a watan Mayu da sun nema ba za su same shi ba.

Nuwamba 2024 zuwa Afrilu 2025: talla, karo na biyu

Littafin kiran ya nuna wani giɓi. Kusan babu mai kira daga ƙetaren kogi, wato Barnawa da Narayi da Kakuri da Sabon Tasha. Yaron ya hau Keke Napep ya je Barnawa ya yi bincike daga can, shagon bai fito a taswira ba, shagunan yankin ne suka cika ta. Google ya bayyana abubuwa uku da yake dubawa wajen jera shaguna a taswira: dacewa da abin da aka nema, nisa, da shahara. Biyu ana iya yin aiki a kansu. Nisa kuwa babu yadda za a yi da shi.

Nan aka dawo wa talla, amma da wani salo. Aka taƙaita ta ga unguwannin kudancin gari, kuma ga wanda yake wurin a zahiri, ba mai sha'awar wurin daga nesa ba. Aka bar kalmar sola ita kaɗai, aka koma jimlolin mai niyyar saye, irin su farashin inbata ko mai haɗa sola a kusa. Aka toshe kalmomi irin su kyauta, aiki, furojet, kwas. Talla tana fita daga ƙarfe takwas na safe zuwa shida na yamma kawai, lokacin da akwai mai ɗaga waya. Kowace talla tana kai mutum shafin da ya amsa tambayarsa. Aka sa iyakar naira 4,000 a rana.

A wata ana kashe kusan 104,000, ana samun kira wajen 35, huɗu ko biyar su zama aikin haɗawa. A karon farko kowane kira ya ci sama da naira 10,000. A wannan karon kusan 3,000.

A Fabrairun 2025 aka kashe tallar mako biyu da gangan don a gwada. Matsayin shagon a taswira da a dogon jeri bai canza ba ko kaɗan. Kiran ƙetaren kogi ya koma kusan babu. Aka kunna ta kafin azumi ya kama a farkon Maris.

Abin da na gani a lamarin

Tambayar Alhaji ta farko, nawa ne kuma wa ake ba, tana da amsa, sai dai ga hawa ɗaya cikin uku. Hawan da ke da alamar talla ana biyansa, a fili, ga kamfanin da kansa, kuma haya ce ta latsawa ɗaya ɗaya, ba saye ba. Wani lokaci irin wannan tallar tana fitowa har a cikin taswira, da alamarta. Amma ainihin jerin taswira da dogon jerin shafuka babu teburin da ake karɓar kuɗinsu. Duk wanda ya ce yana da mutum a ciki, ko ya yi alkawarin lamba ɗaya cikin kwana kaza, yana sayar da abin da ba nasa ba ne. Kamfanin ya rubuta a shawarwarinsa ga masu kasuwanci cewa babu wanda zai iya ba da tabbacin matsayi na ɗaya.

Ban yarda kuma da masu cewa kuɗi ba ya aiki sam a hawan da ba na talla ba. Yana aiki, ta bayan gida. Wata ukun da yaron ya yi yana kiran mutane, yana rubutu, yana ɗaukar hoto, aiki ne da wani zai biya albashi a kansa. Alhaji ya same shi a araha ne don ɗan ƙanwarsa ne, kuma tun Janairu ya sa masa albashi. Babban kamfani mai ma'aikata goma a wannan fanni zai riga ƙaramin shago, ba don ya sayi matsayi ba, don ya sayi lokacin mutane. Har yau shafin farko na kalmar sola da Turanci manyan shafukan saye da sayarwa na Legas ne suka riƙe shi, kuma ban ga alamar shagon zai ture su ba.

Asarar da ta fi 450,000 ciwo, a ganina, ita ce makonnin da shagon ya ɓace daga taswira tsakanin Mayu da Agusta, a tsakiyar kakar ciniki. Wannan ba ta da rasit. Tallar Yuni kuma ba tsarin ne ya gaza ba, an buɗe famfo ne ba a ajiye bokiti ba. Da an gyara shafi da lambar waya tukuna, da kuɗin bai tafi haka ba. Sannan akwai abin da gyaran intanet ba zai iya ƙirƙira ba: mutum 31 ɗin nan sun rubuta ne don aikin da aka yi musu shekarun baya ya riƙe.

Matsalar ƙetaren kogi tana nan. Duk watan da aka daina biya, Barnawa da Sabon Tasha sun daina kira. Yanzu lissafin da Alhaji yake yi shi ne ya gwada 104,000 na kowane wata da kuɗin hayar ƙaramin shago a kan titin Kachia, wanda zai ba shi adireshi na biyu a taswira da kuma wurin ajiye batura kusa da masu saye. Ya je ya ga shaguna biyu, mai ɗayan yana neman kuɗin shekara biyu a dunƙule, ba su daidaita ba tukuna.